Bakin Sarkin Ruwa

Litinin, 7 ga Maris 2005, bayan azahar

Mun dawo daga asibitin Daura. Kwana uku muka yi. Yayana Suhaibu ya kawo mu da motarsa, ya manna ta da bakin zaure daidai lokacin da maza ke masallaci, don haka Iya ta tsara. Likita ya ce babu abin da za su ƙara yi wa maigidana a can wanda ba za mu iya a gida ba: magani safe da yamma, a rage gishiri, a riƙa motsa masa hannun da ƙafar. Sai kuma haƙuri. Sau biyu ya faɗi haƙurin, yana kallona.

Wannan littafin na tsara darasi ne, na yage shafukan farko. Shekara ashirin da biyu ina rubuta wa maigidana wasiƙu da sunayen masunta, tun da aka naɗa shi Sarkin Ruwan Tafkin Giginya, ban taɓa rubuta wani abu don kaina ba. Yau ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa.

Abin da na tarar a bakin randa ran Juma'a da safe ba zan rubuta shi ba.

Talata, 8 ga Maris, da hantsi

Iya, mahaifiyarsa, ta kira ni ɗakinta ta sa na saki labule. Ta ce, "Malama Siddiƙa, duk wanda ya tambaya, zazzaɓi ne mai zafi, likita ya hana a shiga. Kin ji ko?"

Na ce, "Iya, har yaushe?"

Ta ce, "Har ya miƙe."

Na san abin da take tsoro. Sarautar ruwan nan a gidan su Kabo take tun zamanin kakansa, kafin ta dawo gidanmu. Yanzu Kabo shi ne wakilin maigida. A ganin Iya, ranar da Maigari ya ji yadda ake ciki, ranar zai mayar musu da abinsu. Ga shi kuma an riga an sanar a rediyo cewa ranar Asabar biyu ga Afrilu za a yi sun bana, bikin kamun kifi. Watanni uku ke nan da rufe tafkin, ba a jefa ko ƙugiya, kifi na can yana ƙiba. Mutane za su zo daga Sandamu da Mashi da Kongolam, har daga tsallaken iyaka.

Na aika wa hedimasta cewa ina jinya.

Laraba, 9 ga Maris, da yamma

Da sauƙi. Ya sha kunu rabin kofi.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan la'asar

Kabo ya zo dubiya, Iya ta tare shi a zaure. Ya daɗe tsaye kafin ya ce to a shigar da saƙo: an kama wani baƙo ya kafa kalli a bakin arewa, an karɓe ragar, me za a yi da shi?

Na shiga na zauna a gefen gado na faɗa wa maigida. Idonsa na kaina, yana ji sarai. Ya buɗe baki, ya rufe. Na ce, "A riƙe ragar sai bayan su, shi kuma a yi masa kashedi a sallame shi, kamar yadda ka yi wa mutumin Baure bara?" Sai ya matse mini yatsa da hannunsa na hagu.

Na fito na tsaya a bayan ƙofar zaure na ce, "Wakili, ya ce a riƙe ragar sai bayan su, a sallami mutumin."

Kabo ya ce, "To, madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Ai ba ƙarya na yi ba. Ya matse yatsan.

Juma'a, 11 ga Maris, da yamma

Daga tsakar gida ina jin babura suna wucewa zuwa bakin tafki. Kowace Juma'a haka ne, da an sauko masallaci mutanen cikin Daura sai su kwaso iyalansu su zo shan iska. Wasu su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin giginya, wasu su shiga kwalekwale a zaga da su, masu lambu su baje latas da kankana a gefen hanya. Ƙamshin suyar Maiturare har nan yake zuwa idan iska ta juyo. Tunda an rufe ruwa, daga wani tafkin take saro kifin, amma baƙi ba su sani ba, suna ci suna yabon kifin Giginya.

Shi ma ya ji ƙamshin. Ya juyar da kai wajen taga, ya daɗe a haka.

Madina, autarmu da ke karatun aikin lafiya a Daura, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta shiga ta gan shi, ta fito ta yi kukanta a bayan rumbu, ta wanke fuska, ta koma ta kama hannun tana lanƙwasawa tana miƙewa. Ta koya mini yadda zan yi, sau goma-goma. Tana yi tana yi masa hirar makaranta kamar ba komai.

Lahadi, 13 ga Maris, da safe

Madina ta ce, "Umma, wannan ɓoyon ba zai kai ko'ina ba." Na ce ta je ta gaya wa kakarta haka.

Litinin, 14 ga Maris, bayan azahar

Malam Harisu ya zo daga kwamitin shari'a na ƙaramar hukuma. Ni na koyar da shi a aji uku, yana zama a layin gaba yana cin bakin fensir. Yanzu ga gemu ga jaka. Ya durƙusa ya gaida Iya, ya gaishe ni, sannan ya karanto abubuwa uku: a raba wurin tsayuwar maza da na mata, kada a yi kiɗa da rawa, kada kuma a yi yanka a bakin ruwa jajiberin su.

Na ukun ba matsala. Maigida ya daina yankan nan tun shekararsa ta biyu a sarauta, Liman yake kira a yi addu'a a raba waina. Na shiga da sauran biyun. Mata ƙarƙashin giginya, maza a tudun yamma? Ya matse. A hana kiɗa? Ya ture hannuna. Na zauna ina tunani. Na ce, "To ganga ɗaya fa, ta shiga ruwa da ta fita, tunda mai nutso ba ya jin murya?" Ya matse, har da ƙarfi.

Harisu ya saurara, ya ce wannan ai ba kiɗa ba ne, sanarwa ce, zai rubuta haka. Da zai tafi ya ce, "Malama, ko daga bakin ƙofa ne a bar ni in yi masa addu'a. Dubiya haƙƙinsa ne a kanmu."

Iya ta ce yana barci. A zaure ya yi addu'ar, muka shafa.

Talata, 15 ga Maris

Da sauƙi. Ya ce, ya ce, ya ce. Sau huɗu yau na faɗi kalmar nan.

Alhamis, 17 ga Maris, da yamma

Na fara sabawa, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Kabo ya kawo tambaya, in shiga, in fito da amsa. Inda masu suya za su kafa murhu, wanda zai gyara hanyar mota, gidajen da za su sauki baƙin nesa. Duk na sani, ni nake rubuta su kowace shekara. Wani lokacin ina tarar da shi yana barci, sai in tsaya a tsakar ɗaki in ƙirga ashirin in fito.

Amma yau ya ɗaga ƙafar da kansa, kamar tsawon yatsa daga katifa. Na kira Iya ta gani, ya ƙi maimaitawa. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Tsokanarta yake yi, na rantse.

Asabar, 19 ga Maris, bayan la'asar

Arɗo Sama'ila ya zo da Kabo. Masu lambu sun dasa albasa har cikin hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, jiya saura kaɗan a yi faɗa. Arɗo ya ce ba ya son rigima, a nuna masa inda zai shayar kawai.

Na shiga na faɗa masa. Na ce, "A ce su koma bakin gabas har a cire albasar?" Bai matse ba, bai ture ba. Sai ya fara ƙoƙarin magana, wuyansa ya ɗaure, yana ta "ga... ga..." Na ce, "Gabas ɗin?" Ya sake "ga..." Mutane suna jira a zaure, Iya tana leƙowa. Na ce a raina gabas yake nufi.

Na fito na ce ya ce su koma bakin gabas.

Kabo ya ce, "Gabas ya ce?" Na ce gabas. Arɗo ya yi godiya suka tafi.

Da na koma ɗaki na tarar ya juya fuska ga bango. Na kawo tuwo ya ƙi.

Lahadi, 20 ga Maris

Ya ƙi kallona.

Litinin, 21 ga Maris, da azahar

Maiturare ce ta kawo labarin, ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba. Bakin gabas taɓo ne a ƙarƙashin ciyawa. Karsanar Arɗo ta nutse har ƙirji, maza takwas suka ja ta da igiya, ta fito da karyayyar ƙafa, dole aka yanka ta a wurin.

Ta ce, "Mutane sai mamaki suke. Wai yaya Sarkin Ruwa da kansa zai tura shanu gabas? Wasu na cewa zazzaɓin ya taɓa masa kai."

Ta zauna ta kalle ni. Fiye da shekara ashirin muna zumunci da matar nan, ita ta yi mini wankan jego na Madina. Ta ce, "Siddiƙa, lafiya dai?" Na ce da sauƙi. Ta ce to, ta ajiye ƙullin kifin da ta kawo masa ta tafi.

Ba gabas yake cewa a je ba. Gabas yake cewa a guda.

Talata, 22 ga Maris, da hantsi

Na durƙusa a gaban gadon na ce ya yafe mini. Na ce ni na faɗa, da sunansa na faɗa. Ya daɗe kafin ya juyo. Ya ɗora hannun hagu a kaina, ya bar shi a nan. Ban san ko yafiya ce ko gajiya ba, amma ya ci abinci.

Laraba, 23 ga Maris, da yamma

Kabo ya ce a tambaya masa ranar da za a fita auna ruwa.

Na san wannan tambayar tana tafe, na dai ƙi tunaninta. Kowace shekara, mako guda kafin su, maigida yakan shiga kwalekwale da doguwar gwangwala ya bi tafkin yana neman gurabu, wato ramukan da ke ƙasan ruwa. Damina tana cike wani ta haƙa wani, ba sa zama wuri ɗaya. Inda ya samu sai ya kafa sanda da jan ƙyalle don kowa ya kauce. Ya san su ta launin ruwa da yadda ciyawa ke kwanciya. Wannan ba ya cikin wata takarda da na taɓa rubutawa. Kafin a naɗa shi mutum biyu sun tafi a rami ɗaya rana ɗaya. A hannunsa ko ɗaya ba a rasa ba.

Ranar su mutum ya fi ɗari biyar a cikin ruwa, kowa idonsa na kan kifi.

Na ce wa Kabo ya ce zai yi tunani.

Alhamis, 24 ga Maris, bayan azahar

Na gaya wa Iya cewa zan faɗa. Ta ce, "Ki faɗa ki kwance wa mijinki rawani da hannunki?"

Na ce, "Iya, saniya ce wancan karon."

Ta ce Kabo ya auna shi kaɗai mana, a ce umarnin Sarki ne. Na ce Kabo mai tuƙi ne, shekara da shekaru shi ke riƙe filafili, ido na maigida ne. Ta ce ashe dama jira nake. Ta faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, tsohuwa ce kuma ɗanta ne kwance. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na je wurinsa na ce, "In kira maka Kabo ya shigo?" Ya kalli rufin ɗaki. Ya kalli hannun da ke kwance a gefensa kamar na wani. Na ga ba Iya kaɗai ke jin kunyar a gan shi ba. Na jira. Har na fara miƙewa, sai ya kamo yatsana ya matse.

Juma'a, 25 ga Maris, bayan la'asar

Na faɗa.

Na tsaya a bayan ƙofar zaure kamar kullum, na ce, "Wakili, ba zazzaɓi ba ne. Tun ranar da muka dawo bai yi magana ba. Duk abin da na ce ya ce, wani da hannu ya nuna, wani ni ce. Na gabas ni ce."

Ya ce, "Malama, shekara ashirin da biyu ina wakilcin Mati, bai taɓa ba ni amsa a ranar da na yi tambaya ba. Sai ya kwana, ya sake kwana, in zo ya ce me ma na ce. Sai ga shi kwanan nan ina tambaya ana ba ni kafin in gyara zama. Na san da wani abu."

Na ce to me ya hana shi magana?

Ya ce, "Na ɗauka kwana biyu ne. Kuma amsoshin suna kan hanya, sai na gabas. Nan ma da laifina, na san taɓon nan, na ji an ce shi ya faɗa sai na yi shiru." Ya yi gyaran murya. "Abin da ya yi mini ciwo ba wannan ba ne. Tun muna yara muke shiga kwalekwale ɗaya da mutumin nan. Mako uku yana kwance ana tsayar da ni a zaure kamar mai tallan goro."

Na kauce na ba shi hanya. Ya cire takalmi ya shiga. Ban bi shi ba. Daga inda nake na ji ya yi sallama, sannan na ji ya ce, "Kai Mati, haka za ka kwanta ka bar mini ruwa?" Sai wani sauti ya biyo baya, na tsorata na leƙa. Dariya ce. Ta karkace, amma dariya ce.

Iya ba ta fito ba.

Asabar, 26 ga Maris, da yamma

Kabo ya je wurin Maigari da kansa. Maigari ya zo da Liman, suka shiga suka gan shi. Bayan su sai ga unguwa gaba ɗaya. Zaure ya cika da takalma, tsakar gida ta cika da kwanuka. Maiturare ta shigo ta ce mini, "Da sauƙi, ko?" ta harare ni, sannan ta ɗaura zani ta kama wanke-wanke.

Maigari ya ce Kabo ya riƙe aikin bana a matsayinsa na wakili, maganar sarauta kuma ba yanzu ba, mai ita yana da rai. Bai ce har abada ba. Na lura, Iya ma ta lura daga bayan labule.

Na aika wa Arɗo tumakina biyu ta hannun Suhaibu, da bayanin gaskiyar abin da ya faru. Ya karɓi ɗaya ya dawo da ɗaya, ya ce a yanka wa mara lafiya. Albasar kuwa Maigari ya sa an cire layi uku, shanu sun koma hanyarsu.

Lahadi, 27 ga Maris, da hantsi

Kabo ya ce da Mati za a auna ruwa. Madina, da ta sake dawowa gida jiya, ta ce ba zai yiwu ba, in kwalekwale ya kife fa? Kabo ya ce bai taɓa kifar da kowa ba, ba kuma zai fara da babanta ba. Aka tambayi mai jikin. Tun kafin a gama tambayar ya matse hannun Kabo har sai da ya ce wayyo.

Madina ta kafa sharaɗi: da sassafe kafin rana ta yi zafi, ba fiye da awa biyu ba, a ɗaura masa gora biyu, ita ma kuma za ta shiga.

Talata, 29 ga Maris, bayan azahar

Sun je jiya, sun koma yau. A amalanke aka kai shi bakin ruwa, an shimfiɗa katifa, maza huɗu suka ɗauke shi suka jingina shi da buhun ƙaiƙayi a tsakiyar kwalekwale. Ni ban je ba, na zauna da Iya. Ba ta yi mini magana ba, amma da na kai mata kunu ta karɓa, tana ta jan carbi tana kallon ƙofa.

Madina ta ba ni labari. Ta ce da suka bar gaɓa sai ya zama wani mutum. Ya nuna da hannun hagu, Kabo ya tuƙa, wani ya zura gwangwala. In an yi daidai ya buga gefen kwalekwale sau ɗaya, in an kauce ya yi ta bugawa kamar zai fasa shi. Rami shida suka samu. Na shidan yana dab da inda mutanen Sandamu suka saba shiga, wurin da bara ruwa iya gwiwa ne. Gwangwalar ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Ta ce Kabo ya zauna ya riƙe kai.

Ya dawo a gajiye, ya yi barci tun hantsi har yanzu. Ƙafafunsa da laka, ban san yadda aka yi ba. Na bar ta sai ya tashi.

Laraba, 30 ga Maris

Jiki ya yi zafi kaɗan. Madina ta ce gajiya ce. Allah ya sa.

Alhamis, 31 ga Maris, da yamma

Zafin ya sauka. Baƙi sun fara isowa, an ga motar Kongolam shaƙe da goruna da homa a sama. Iya ta fito tsakar gida ta tarar ina tankaɗe, ta ce garin bai yi laushi ba, ta karɓi rariyar. Maganarta ta farko gare ni ke nan cikin mako guda.

Asabar, 2 ga Afrilu, bayan magariba

An yi su. An fito lafiya, kowa da kowa.

Ban taɓa ganin su da idona ba sai yau. Duk shekara ina bakin murhu ina dafa wa baƙi, sai dai in ji ihu daga nesa. Bana Maiturare da matan unguwa suka kore ni, suka ce in bi mijina. Na tsaya cikin mata ƙarƙashin giginya. Shi yana tudun yamma a kujera kusa da Maigari, an naɗa masa rawaninsa, hannun dama a cikin riga.

Liman ya yi addu'a. Mutane sun yi layi a gaɓa tun daga arewa har kudu, kowa da homarsa da gora a ƙugu, ba mai taɓa ruwa. Kabo yana tsaye da mai ganga. Sai na ga bai ba da umarni ba, ya juya yana kallon tudu. Kowa ya juya. Maigida ya ɗaga hannun hagu ya sauke. Ganga ta tashi.

Ban san haka abin yake ba. Ruwan ya yi fari, balbelu suka watse sama, ƙasa tana rawa a ƙafata. Wata tsohuwa daga Mashi ta riƙe mini hannu tana nuna mini ɗanta a cikin ɗaruruwan kawuna, wai ga shi can, na ce na gan shi. Ni jajayen ƙyallayen nake ƙirgawa. Shida, shida, shida. Mutane suna zuwa kusa su rabu biyu su wuce.

Wani mutumin tsallaken iyaka ne ya kama mafi girma, tarwaɗa da sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Malam Harisu na gan shi ya naɗe wando yana taya su ja, jakarsa a wuya.

Lahadi, 3 ga Afrilu, da hantsi

Gida duk ƙarnin kifi. An kawo masa rabonsa na sarauta, Iya ta zaɓi karfasa mafi kyau ta ce a kai gidan Kabo. Ba ta ce a gaishe shi ba, ta dai ce a kai.

Madina ta koma makaranta. Ta ce in ci gaba da motsa hannun ko da ban ga canji ba, wani sai bayan watanni. Maganar kuma ta ce kada in sa rai da yawa, kada kuma in cire.

Litinin, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Yau na koma aiki. Na shirya tun bakwai, na kuma kasa fita. Na gyara masa matashi, na dawo na duba magani, na dawo na matsar da buta kusa. Kabo da wasu dattawa biyu sun riga sun zo, sun fitar da shi zaure sun jingina shi inda yake ganin hanya, suna gardamar ranar da za a buɗe wa masu kalli ruwa. Na leƙa na ce ko in ƙara kwana ɗaya?

Ya kalle ni. Ya tattara bakinsa, wuyansa ya ɗaure. Na matso ina shirin fara cankar abin da yake nufi.

Ya ce, "Je."

Kabo ya ce, "To Malama, wannan kam mun ji da kunnenmu."

Na makara. Hedimasta ya riga ya ja layi a rajista, na sa hannu a ƙarƙashinsa.